Kwana 88 a Gona: Mako Biyar Na Yi Ana Biya Na a Hannu, Yaya Zan Tabbatar da Su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 26, an haife ni a Hambug, iyayena mutanen Zongon Kumasi ne, fasfona na Jamus ne. Ina Ostireliya da bizar hutu da aiki mai lamba 417, saura mako tara ta ƙare, kuma ina son shekara ta biyu. Na yi mako bakwai a Bundaberg a rumfar da ake wanke dankali ana zuba shi a kwali, Litinin zuwa Juma'a, kuma ina da takardun albashi. A mako ɗaya daga ciki inji ya lalace, kwana uku kawai muka yi. Bayan nan na yi mako biyar ina tsinkar inabi a Mildura ta hannun wani ɗan kwangila da masaukinmu ya haɗa mu da shi. Kuɗi a hannu yake ba mu, kamar dalar Ostireliya 400 a mako, ba takarda, kuma ruwan sama ya cinye mana wasu kwanaki. Yanzu ba ya ɗaukar waya. Wani a masaukin ya ce in ba shi dala 1,000 ya samo mini lambar kamfani da takardun albashi in cike gurbin, wai mutane da yawa sun wuce da haka. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi kyan kai da ka tambaya tun kana da mako tara a hannu, domin mako taran nan su ne jarinka. Ga shawarar a dunƙule: kada ka ɗora takardar neman bizarka a kan makonnin Mildura, kada ka ba mutumin nan ko sisi, kuma ka nemi aikin da ake biya da awa ta banki ka fara shi cikin kwana goma. Sauran maganar dalili ne da yadda za ka yi.

Mu fara da lissafi, domin a nan mutane suka fi yaudarar kansu. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Ostireliya tana neman aikin wata uku a gona ko makamancinsa kafin ta ba da bizar shekara ta biyu, kuma ta fassara wata uku da kwana 88, wato jimillar watanni uku mafi gajarta a shekara: 28 da 30 da 30. Idan kana aiki cikakke kamar yadda ma'aikacin dindindin yake yi a wannan sana'a, kwana biyar a mako da awoyin da aka saba, ranakun hutun ƙarshen mako suna shiga lissafi, mako ya zama kwana bakwai. Ranar hutun gwamnati ko ta rashin lafiya tana shiga idan an biya ka kuɗinta. Ranar da ruwa ya hana aiki kuma ba a biya ka ba, ba ta shiga. Yinin da ka yi awa goma sha huɗu yini ɗaya ne, ba ya zama biyu, kuma ba za a yarda ka kammala a ƙasa da wata uku ba ko da ba ka huta ko rana ɗaya ba.

To ɗauko takardunka na Bundaberg. Makonni shida cikakku sun ba ka 42. Makon da inji ya lalace, ka ƙirga kwana ukun da ka yi kawai, ka bar sauran. Wannan shi ne lissafin da ba wanda zai ja da kai a kansa. Kana da 45 ke nan, saura 43. Mako shida cikakku 42 ne, sun gaza da kwana ɗaya, don haka mako bakwai za ka sa a gaba, ka ƙare da 94. Rarar kwana shidan nan ita za ta tsare ka idan jami'i ya soke maka rana biyu ko uku. Mako tara a cire bakwai, saura biyu na neman aiki da tafiya da haɗa takardu. Akwai ƙunci, amma yana yiwuwa. Aikin dole ne a gama shi kana riƙe da bizar farko, ba a cike ragowar bayan ta mutu.

Me ya sa na ce ka ajiye makonnin Mildura gefe, alhali ka yi aikin da guminka? Na san abin da zafi. Biyan kuɗi a hannu ba laifi ba ne a Ostireliya idan an cire haraji kuma an ba da takardar albashi. Matsalarka biyu ce. Ta farko, jami'in da zai duba takardarka bai san ka ba, bai ga tafin hannunka ba, sawun kuɗi yake bi: takardar albashi ta ce dala kaza ranar kaza, bayanin asusun banki ya nuna daidai wannan adadi ya shigo daga wannan kamfani, hukumar haraji kuma tana da labarinsa. Kai ba ka da ko ɗaya daga cikin ukun. Ta biyun ta fi nauyi. Tun 2015 sharaɗin bizar ya ƙunshi cewa an biya ka yadda dokar albashi ta ƙasar ta tanada. Idan kana yin kamar awa 45 a mako kana karɓar dala 400, awarka ba ta kai dala tara ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama dala 24.95 a awa daga 1 ga Yulin 2025, farashin matakin farko a dokar albashin gonakin lambu yana kusa da haka, kuma ma'aikacin wucin gadi ana ƙara masa kashi 25 cikin 100 a kai, abin ya ɗan haura dala 30. Ko da ka kawo shaidu goma cewa ka tsinki inabin, za a iya cewa aikin bai cika sharaɗi ba saboda an tauye ka. Zalunci biyu ke nan a kan mutum ɗaya, amma haka dokar take, kuma gara ka ji ta daga bakina da ka ji ta a wasiƙar ƙi.

Kada wani ya ce maka aikin jinga ne shi ya sa ba ƙa'ida. Daga 28 ga Afrilun 2022, mai tsinka da kwando a gonar lambu ma yana da tabbacin mafi ƙarancin kuɗin awa a kowace ranar da ya yi aiki, komai jinkirin hannunsa. Wajibi ne mai aiki ya ba shi takardar jinga a rubuce kafin ya fara, mai nuna kuɗin kowane kwando, kuma ya riƙa rubuta awoyinsa. An ce a tsara farashin yadda matsakaicin gwani zai samu aƙalla kashi 15 cikin 100 sama da kuɗin awa.

Yanzu maganar mai dala 1,000. Abin da zai sayar maka shi ne lambar ABN, wato lambar rajistar kasuwanci, ta wata gona ta gaskiya da sunanta da wasu ranaku, wani lokaci har da takardun da aka buga a kwamfuta. Gaskiya ne wasu bizarsu takan fito cikin mintuna ba a tambaye su komai ba, kuma wannan ne yake ruɗin mutane. Sai dai fitowar biza ba ta rufe bincike. Irin wannan lamba ba kai kaɗai aka sayar wa ba. Ranar da ma'aikatar ta ga mutum da yawa sun ce sun yi aiki a gona ɗaya, wasiƙa guda za ta aika wa manomin ta tambaye shi ko ya san su. Ya ce bai taɓa ganinsu ba, shi ke nan, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Akwai sharaɗin da ake kira PIC 4020: wanda ya ba da takardar jabu ko bayanin ƙarya, a ƙi masa biza, kuma a iya hana shi yawancin bizoji har shekara uku. Idan kuma biza ta riga ta fito, sashe na 109 na dokar shige da fice ya ba da damar soke ta, ko da bayan watanni ne kana zaune lafiya da aikinka a Melbon. Ƙarya a bizar baya tana iya jawo soke ta gaba. Daga nan duk ƙasar da fom ɗinta ya tambaye ka ko an taɓa soke maka biza, amsarka e ce. Kuma ba za ka iya cewa wani ne ya cike maka ba, domin abin da aka aika da sunanka naka ne. Ban da haka, dala dubun nan ita ce kuɗin motarka da hayar makonni biyun farko a inda za ka je.

To ina za ka je? Ka guji duk aikin da ruwan sama yake da iko a kansa. Inabin Mildura yana ƙarewa wajen Afrilu, lemo yana shigowa da sanyi, amma tsinkarsa ma jinga ce kuma raɓa da ruwa suna tsayar da ita. Rumfar tace kaya da zubawa a kwali ta fi maka, irin wadda ka sani a Bundaberg. Wayar farko da za ka buga ta tsohon wurinka ce: sun san hannunka, sunanka yana cikin tsarin albashinsu, kuma yankin yana da aikin kayan lambu kusan duk shekara. Gonakin ayaba na Tully a arewacin Kwinslan ma ba su da hutun kaka. Sai mayankar dabbobi ta kamfani, wadda nake ganin ta fi kowanne tabbas: aiki a ƙarƙashin rufi, awa cikakkiya, albashi ta banki, kuma da yawansu suna yankan halal saboda kasuwar ƙasashen Musulmi. Fiɗa da sarrafa nama da ɗaure shi a mayanka suna cikin ayyukan da aka yarda da su. Sayar da nama a shago ba ya ciki. Gini a yankin karkara ma yana ƙirguwa ga mai biza 417, haka kiwo da aikin madara da kamun kifi da haƙar ma'adinai.

Kasancewarka a gona kaɗai ba ta wadatar. Reno ko girki a gidan manomi, rubutun ofis, haɗa giya ko ɗanɗana wa baƙi ita, niƙan hatsi, duk ba sa shiga. Aikin sa-kai na abinci da makwanci ma ba ya shiga, in ban da na gyaran ɓarnar gobarar daji ko ambaliya a yankunan da gwamnati ta ayyana.

Kafin ka sayi tikiti, yi bincike uku a wayarka, ba za su ci maka rabin awa ba. Tambayi lambar gidan waya ta inda za ka tsaya kana aikin, ba ta masauki ko ta ofishin ɗan kwangila ba, ka gwada ta da jerin da ke shafin ma'aikatar. Bundaberg 4670 ce, Mildura 3500, duk suna ciki. Tasmaniya da Kudancin Ostireliya da Yankin Arewa suna ciki gaba ɗayansu, amma Sidni da Melbon da Birisben da Fat ba sa ciki, kuma a gefen waɗannan birane gona biyu maƙwabta na iya bambanta. Sannan ka karɓi lambar ABN ta wanda zai biya ka, lamba ce mai alƙaluma 11, ka sa ta a shafin ABN Lookup, kyauta ne, ka ga ko tana raye kuma ko sunan ya yi daidai da wanda aka faɗa maka. Idan ɗan kwangilar samar da ma'aikata ne a Kwinslan ko Biktoriya, doka ta wajabta masa lasisi, kuma rajistar tana buɗe ga kowa. Wanda ya yi maka hanya-hanya da aka tambaye shi ABN ya riga ya ba ka amsa. Haka wanda ya ce kai ka buɗe taka ABN ɗin don ya biya ka kamar ɗan kasuwa alhali shi yake sa maka lokaci yana ba ka kayan aiki: yana sauke nauyin haraji da fansho ne a kanka.

Ranar farko ka ba da lambar harajinka ta TFN da asusun bankinka da na fansho. Idan takardar albashin farko ta zo, kuma doka ta ce ta zo cikin yinin aiki ɗaya da biya, zauna ka karanta ta layi-layi. A sama ka ga sunan kamfani da ABN, sunanka kamar yadda yake a fasfo, ranar da makon ya fara da ranar da ya ƙare, da ranar biya. A tsakiya ka ga awoyi da kuɗin awa, misali awa 38. A ƙasa ka ga jimilla kafin haraji, abin da aka cire, da abin da ya rage. Harajin mai irin bizarka kashi 15 cikin 100 ne a kan dala 45,000 na farko idan kamfanin ya yi rajistar ɗaukar irinku. Ka ga an cire kashi 30, alama ce bai yi rajistar ba. Ka ga ba a cire komai ba, ka fara shirin tashi. A nemi layin fansho, wanda suke kira sufa, kashi 12 cikin 100 daga Yulin 2025. Sai ka buɗe manhajar banki ka tabbata adadin ƙarshe shi ne ya shigo, har sulallansa. Idan ana cire kuɗin ɗaki ko na mota daga albashi, a rubuta shi a takardar kuma da yardarka a rubuce, in ba haka ba adadin banki zai saɓa wa na takarda kuma kai za a tambaya. Bayan mako biyu ka shiga myGov, shafin hidimomin gwamnati na intanet, da ka haɗa da hukumar haraji, ka duba ko albashin ya bayyana a can. Kamfanoni suna aika wannan bayani duk ranar biya, kuma shaida ce da ba ta fito daga hannunka ba, shi ya sa take da ƙarfi. Ka yi irin wannan dubawa ga takardun Bundaberg ma tun yau.

Kai ma ka riƙe naka littafin. Kowace yamma ka rubuta lokacin farawa da tashi da abin da ka yi. Fair Work Ombudsman, ofishin gwamnati mai kare haƙƙin ma'aikata, yana da manhaja ta kyauta mai suna Record My Hours don wannan. Ka ajiye rasit ɗin masauki da hoton jadawalin aiki na kowane mako, kuma ka tura wa kanka kwafin komai ta imel, domin waya tana faɗawa ruwa.

Makonnin Mildura kuma ba yafe su za ka yi ba. Kuɗinka ne, kuma a ƙiyasin da muka yi ana riƙe maka sama da dala 900 a kowane cikakken mako. Ka tattara abin da ya rage: saƙonnin WhatsApp da ake kiran ku aiki, hotuna masu kwanan wata, tikitin kwanduna idan akwai, tarihin wuraren da Google Maps ya ajiye, rasit ɗin masauki, lambobin abokan aiki. Ka aika wa ɗan kwangilar saƙo a rubuce, cikin ladabi, kana neman takardun albashinka da bayanan awoyinka. Doka ta ce ya ajiye su shekara bakwai kuma ya ba ma'aikaci kwafi idan ya nema. Ka rubuta wa manomin ma. A Biktoriya manomin da ya ɗauki ma'aikata daga ɗan kwangila marar lasisi shi ma yana fuskantar tara, don haka sau da yawa shi ya fi saurin motsi. Ka fara gano ko gonar tana ɓangaren Biktoriya ne ko tsallaken kogin Murray, domin can wata jiha ce da nata tsarin. Sannan ka kai ƙara Fair Work a lamba 13 13 94, kyauta ne, kuma neman haƙƙinka ba laifi ba ne ga bizarka. Kana da shekara shida na bin bashin albashi, kuma daga 1 ga Janairun 2025 tauye albashi da gangan ya zama laifin da ake hukunta mutum a kai. Idan aka biya ka cikon da takardu, wataƙila kwanakin su yi amfani. Amma irin wannan ƙara takan ɗauki watanni, kai kuwa makonni gare ka. Ka bi ta da yamma bayan ka tashi daga sabon aikin.

Idan kwanakin sun cika, a ImmiAccount, shafin neman biza na ma'aikatar, za ka cike. Tsofaffin hannu za su ba ka labarin fom 1263 da manomi yake sa wa hannu. Yau a cikin fom ɗin intanet ake shigar da bayanin, kuma sa hannun manomi shi kaɗai ba ya maye gurbin sawun kuɗi. Za a tambaye ka sunan kamfani na rajista, ABN, lambar gidan waya ta wurin aiki, ranakun farawa da gamawa, awoyi, irin aikin, da yadda aka biya ka. Idan ta hannun kamfanin samar da ma'aikata ka yi, ABN ɗin da ke kan takardar albashi za ka sa, tare da adireshin gonar. Wajen bayanin aiki ka faɗi abin da hannunka ya yi: wanke dankali, tacewa, zubawa a kwali. Ka haɗa takardun kowane kamfani a fayil ɗaya bisa jerin kwanan wata, kada ya wuce megabait 5, ka liƙa bayanin banki na watannin gaba ɗaya, ko da tsarin bai matsa maka ba. Kada ka sa Mildura a cikin kwanakin da kake nema, amma idan aka tambaye ka inda ka zauna ko ka yi aiki a wancan lokaci, faɗi gaskiya. Kuɗin biza ya haura dala 600 kuma ba a mayarwa, kuma ana son ka iya nuna kamar dala 5,000 na riƙe kai.

Ka aika kafin ranar ƙarewar bizar, ko da kwana biyu ne, kada ka kai daren ƙarshe. Wanda ya nema yana cikin ƙasar ana ba shi bizar jira mai harafin A, wadda take riƙe shi bisa doka har a yanke hukunci. Kada ka fita ƙasar da ita, ba ta dawo da mutum. Mai tafiya ta harafin B yake nema tukuna. Ka riƙa duba imel har da akwatin tarkace, domin idan suka nemi ƙarin shaida kwana 28 suka saba bayarwa. Idan wasiƙar ta yi maganar bayanin da suke zargi, kada ka amsa kai kaɗai: nemi lauya ko wakilin shige da fice mai rajista, idan wakili ne ka duba lambarsa a rajistar OMARA, ofishin da yake yi wa wakilai rajista. Idan kuma ka cika kwanakin a ƙure har ba ka samu damar aikawa ba, ka fita kafin biza ta mutu. Kwana 88 ɗinka ba sa ruɓewa, kana iya nema daga Jamus matuƙar ba ka cika shekara 31 ba.

Ga sauran masu karatu, wannan biza ta masu fasfon wasu ƙasashe ce kawai. Najeriya da Nijar da Gana ba sa cikin jerin 417 ko na 'yar'uwarta 462, saboda haka duk ejan da ya ce zai samo muku ita da fasfon gida kuɗinku yake so. Masu fasfon Birtaniya kuwa, daga 1 ga Yulin 2024 an ɗauke musu sharaɗin aikin gona gaba ɗaya.

Kai kuma ƙanena, yau ka ƙirga takardun Bundaberg da alƙalami, gobe da safe ka kira su. Idan ba su da gurbi, kafin la'asar ka aika wa mayanka uku da rumfunan kwali uku takardar neman aiki, ka rubuta musu a fili cewa kana son awa cikakkiya na mako bakwai kuma za ka iya farawa ranar Litinin. Allah Ya sa a dace.